KALMAR "HYPNOSIS": BARCI CE KO ASIRI?

'Yan uwana ɗalibai, Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Akwai wata kalmar Ingilishi da ta yawaita a bakin jama'a da jaridun ƙasar nan, wato "hypnosis", da 'yar uwarta "hypnotise". Da zarar ɗan damfara ya raba wani da kuɗinsa a tasha, sai ka ji an yi amfani da ita, ana nufin asiri aka yi wa mutumin har hankalinsa ya gushe. A darasinmu na fassara kuwa, na lura wasu kan fassara ta da barci, wasu da sihiri, wasu ma da hawan iska. Ni a ganina, duka ukun sun kauce hanya.

Da farko dai, bari mu duba asalinta. Kalmar ta fito ne daga harshen Girkanci, inda "hypnos" ke nufin barci. Amma shi aikin ya girmi sunan. Wani likita Bajamushe mai suna Franz Mesmer, wanda ya koma birnin Paris a 1778, ya yi da'awar cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu a jikin ɗan Adam, kuma da shi yake warkar da marasa lafiya. A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike, cikinsu har da Benjamin Franklin na Amurka. Kwamitin bai ga wani maganaɗisu ba. Abin da ya gano shi ne, tunanin majiyyacin ne ke aiki a kansa. Daga sunan wannan likita Turawa suka sami kalmar "mesmerise".

Bayan haka sai James Braid, wani likitan tiyata ɗan Sikotilan da ke aiki a Manchesta ta Ingila. A 1841 ya kalli wani yana nuna wannan aiki a bainar jama'a, sai ya shiga gwaji da kansa. Yakan sa mutum ya ƙura wa wani abu mai ƙyalli ido har idanunsa su yi nauyi. Littafin da ya buga a 1843 ya taimaka wajen yaɗa sunan. Daga baya shi kansa ya fahimci ba barci ba ne, ya kawo wani suna mai ma'anar tattara hankali a kan abu guda, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Binciken zamani ya gaskata shi. Na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa ta nuna cewa wanda ke cikin wannan hali a farke yake. Yana jin maganar likita, hankalinsa ya taru wuri ɗaya, kuma yana saurin karɓar shawarar da aka ba shi. Mutane sun bambanta: wani nan da nan yake shiga, wani kuwa da ƙyar. Sannan aikin yana bukatar haɗin kan mai shi. Tun 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince a yi amfani da shi a wasu fannonin jinya, kuma har yau ana rage zafin ciwo da fargaba da shi.

To, me ya sa na damu? Saboda kuskuren fassara yana da illa. Idan muka ce asiri ne, majiyyacin da likita ya ba shi shawarar gwada wannan hanya zai ɗauka wurin boka aka tura shi. Haka kuma, muna ɓoye ainihin dabarun macuta, wato daɗin baki, da tsoratarwa, da kwaɗaitar da mutum da riba, wani lokaci ma da ƙwaya a cikin abin sha. Wanda ya yarda cewa kallo ɗaya ya isa a raba shi da dukiyarsa, ina zai ga amfanin yin hattara? Bugu da ƙari, a ƙasar da ihun "mai asiri" kan sa a yi wa mutum taron dangi a kasuwa, kalma irin wannan ba abin wasa ba ce.

Shawarata ita ce mu ari kalmar, mu sa mata rigar Hausa. Ai haka aka yi da likita da asibiti da tiyata, kuma ga su sun zama 'yan gida. Mu rubuta hifnosis, sannan a karon farko mu bi ta da bayani: hanyar tattara hankalin mutum da magana, bisa yardarsa. Inda ɗan jarida yake nufin asiri kuwa, mai fassara ya rubuta asiri kai tsaye, ya danganta maganar ga wanda ya faɗe ta.

A ƙarshe, ina kira ga malamanmu da 'yan uwana ɗalibai da mu tattauna wannan batu a aji. Idan wani yana da kalmar da ta fi tawa dacewa, ga fili ga mai doki. Mu ne za mu zama masu fassarar labarai a rediyo da jaridu gobe, kuma abin da muka furta shi jama'a za su riƙe.