WA YA FARA KARYA DOKAR KULLE?

Har wa yau in aka tashi zancen annobar korona, sai ka ji mahukunta suna cewa wai talakawa ne masu taurin kai, sun ƙi zaman gida, sun ƙi sa takunkumi. To, mu kam ba mu yarda a bar zancen a nan ba. Bari mu tuna musu, tun da yake mantuwa ba ta yi musu wuya.

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar cutar ta shigo Nijeriya. Ta Ikko ta sauka, a jirgin sama, ba a kan jaki ba. Cikin waɗanda aka fara jin ta kama har da gwamnoni. Ran 30 ga Maris aka kulle Ikko da Abuja, aka hana taro. Ran 18 ga Afrilu kuwa aka binne Malam Abba Kyari, Allah ya jiƙansa, a maƙabartar Gudu. Manya suka yi cincirindo, kafaɗa da kafaɗa, duniya tana kallo a talabijin. Daga baya kwamitin da ke kula da annobar ya fito ya ba da haƙuri. Shi ke nan fa! Kwana tara bayan haka Shugaba Buhari ya sa wa Kano dokar kulle ta mako biyu. In kura na maganin zawo, ai sai ta yi wa kanta.

Jama'a, ku lura da wani abu. Takunkumin nan babban aikinsa shi ne tare yawu da numfashin mai shi, kada su kai ga na kusa da shi. Mutum yakan ɗauki cutar bai ma sani ba. Saboda haka saurayi mai lafiya da ya rufe hancinsa, ko ya haƙura da zaman majalisa, don kakarsa ya yi, da dattijon da ke kusa da shi a sahu. Watau kyauta ce yake yi. Kyauta kuwa ba a karɓarta da bulala. Mutum yakan jure in ya ga wahalar ta kowa ce. In ya ga shi kaɗai aka ɗora wa, sai ya sauke.

Wane son kai ne ga ɗan dako na Kantin Kwari, ko ɗan garuwa, ko mai shayi, wanda in bai fita yau ba tukunya ba za ta hau murhu ba? Me aka ba shi? A makonni biyun farko na kulle, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙirga mutum 18 da jami'an tsaro suka kashe, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Da Oktoba ta zo, mutane suka fasa rumbuna a Jos da Ikko da wasu garuruwa, sai ga kayan tallafi jibge har rufi. Gwamnoni suka ce wai ajiyar ko-ta-kwana ce. Ajiya, alhali magidanta sun yi azumi babu na sahur!

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da namu laifin. Samarin da suka riƙa cika filin ƙwallo suna ihu babu korona, da masu hali da suka yi ta shagalin biki a ɓoye, yunwa ce ta kore su? A watan Afrilun nan masu haƙar kabari a Kano ba su huta ba, galibi dattawa aka yi ta kaiwa, malamai da masana. Ministan Lafiya ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabinsu ko fiye mai yiwuwa cutar ce. Wani yaron shi ya kai wa tsohonsa ita har ɗaki, yana dariya.

Waɗanda suka riƙe amana ba a ba su lambar girma ba: limaman da suka rufe masallatansu cikin Ramadan suna hawaye, da matan da suka riƙa miƙa kwanon tuwo ta kan katanga, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka tsaya kan marasa lafiya har wasunsu suka rasu.

Ba don tone-tone muke faɗin wannan ba. Mashaƙo ya zo ya ɗebi yara a Kano a 2023, wata ma tana iya zuwa. In ta zo, muna neman a fara raba hatsi unguwa-unguwa a gaban masu unguwanni kafin a rufe ƙofa. Babban da ya karya dokar kuwa, a kai shi kotun tafi-da-gidanka ɗin nan da aka riƙa gurfanar da direbobi da 'yan tireda, a karanta sunansa a rediyo.