Ɗan kamasho, da hannunka a ciki

Yau da ɗan kamasho nake.

Ku same shi a tasha ku tambaye shi, zai ce muku shi fasinja kawai yake haɗawa. Bai riƙe sitiyari ba, bai san hamada ba, ko Tanut bai taɓa zuwa ba. Fasinja kawai! To mace ta zo da yara biyar, babu mai kama da wani, babu mai ce mata inna, babu takardar haihuwa ko ɗaya, ta ce Arlit za ta. Kai da ka yi furfura a tasha, ba ka san inda za a kai yaran nan ba? Ka sani. Ka san bakin titin Tamanrasset za a zaunar da su da kwano a hannu.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata. Motoci biyu suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Galibinsu ƴan nan gundumar Kance ne, mu muka yi zaman makoki. An la'anci direbobi, an la'anci masu safara. Wanda ya yi lodin farko fa? Ya karɓi kamashonsa, ya yi alwala, ya bi jam'i. Fasinja kawai ya haɗa.

Yanzu ma ya samu sabuwar hujja, wai an soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure tun Nuwamban 2023. An soke, gaskiya ne. Dokar hana fataucin mutane ta 2010 tana nan, kuma ba a soke hisabi ba.

Kai kuma maigida, kada ka ce ban gan ka ba. Ka jinginar da gona ka biya kuɗin mota, ka ba da aron ɗanka kamar jakin kai rake kasuwa, sannan ka miƙe ƙafa a majalisa kana jiran waya daga Aljeriya. Yaron da ya kamata ya kasance a lakwal! In an tasa ƙeyar yaran aka sauke su a Agadas, kai ne kan gaba wajen zagin gwamnati.

Shugabannin sandika na tashar Matameye, littafin lodi a hannunku yake. Yaron da ba a nuna takardarsa ba, kada a rubuta shi, kada motar ta tashi da shi.