Masu Ɗaukar Hoto Da Masu Tsaro A Hanyar Jibiya

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Katsina zuwa Jibiya, ya ratsa ta wajen Bugaje har ya kai Magama, inda ake ƙetarewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ya san yawan shingayen da ke kan hanyar nan. Akwai na kwastan, da na 'yan sanda, da na soja, da na ma'aikatan shige da fice. A irin waɗannan wurare ne mai ɗaukar hoto yakan gamu da tsawa. Da ya ɗaga kamara ko wayarsa sai a ce ya kawo, wani lokaci a tilasta shi ya goge abin da ya ɗauka. In ya ce doka ta ba shi iko, sai magana ta yi tsawo.

To, me dokar ta ce? Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wurin da aka keɓe don tsaron ƙasa, wato kamar barikin soja, da ma'ajiyar makamai, da duk inda Gwamnati ta keɓe da oda. Amma ta sa sharaɗi: sai in mutum ya yi da nufin cutar da tsaron Nijeriya ne abin ya zama laifi. Titin mota bai shiga cikin wannan ba, haka kasuwar Jibiya. Tsarin mulki na 1999 kuwa, a sashe na 39, ya ba kowa ikon samun labari da ba da shi, sashe na 37 ya kare asirin wasiƙun mutum da maganarsa ta waya. A 2023 kakakin 'yan sandan Nijeriya ya faɗa a fili cewa ba laifi ba ne a ɗauki hoton ɗan sanda yana bakin aiki.

Duk da haka ba mu cewa tsoron masu tsaro ba shi da tushe. Ƙasar Jibiya ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, kuma kowa ya san akwai masu kai musu rahoto. Sojan da ke kwana a shinge yana da dalilin ƙin a nuna inda yake fakewa da yawan abokan aikinsa. Saboda masu kai rahoton nan ne aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, cikin Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Jama'a sun wahala, amma dai oda ce da aka sanar, kowa ya san wanda ya ba da ita.

Sai dai akwai wani mai ƙin kamara wanda ba ransa yake ji wa tsoro ba. An rufe iyaka cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa cikin Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren cikin Maris 2024. Duk sa'ad da aka rufe ƙofa, fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur sai ya koma ta daji, direbobi kuma su yi ta kukan na goro a shingaye. Mai karɓar na goro ya san abin da hoto ke iya yi: hoton bidiyo da aka ɗauka a Ughelli shi ya tayar da zanga-zangar da ta sa aka rushe rundunar SARS ran 11 ga Oktoba 2020.

Wahalar ita ce, matafiyi ba ya iya bambanta waɗannan mutane biyu, gama tsawarsu iri ɗaya ce. Mu a namu gani, Gwamnati ce ya kamata ta raba gardama. Duk inda aka hana hoto a kafa allo, a rubuta da boko da ajami, da Faransanci saboda baƙinmu na Nijar. Inda babu allo, ma'aikaci yana iya tambayar mutum sunansa da dalilinsa, mai hoto kuma ya amsa da ladabi, kada ya ɗauki fuskar matan mutane ba izini. In ana zarginsa da leƙen asiri, a karɓi kamarar, a shigar cikin littafi, a ba shi rasit, a kai maganar gaban alƙali da hotunan yadda suke, tun da su ne shaidar da za a duba.