Ƙarancin Jinin Mata da Nauyin da Ke Kan Magidanta

Akwai wata lalura da ta zauna a gidajenmu har muka saba da ita, muka daina lissafa ta cikin cututtuka, alhali kuwa tana cikin manyan sabuban da ke raunana mata, wato ƙarancin jini, wanda galibi yake samo asali daga ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, a cikin masu juna biyu kuwa adadin ya kai kashi 61.

Dalilin da ya sa mace ta fi shiga wannan hali ba ɓoyayye ba ne, domin tana zubar da jini a haila kowane wata, idan ta sami ciki kuma ɗan tayi daga jikinta yake ɗiban abin da zai gina nasa jinin, sa'an nan ga jinin haihuwa, ga shayarwa, sau da yawa ma kafin jiki ya farfaɗo wani cikin ya shiga. A kan wannan duka zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Sai ka ga mace tana jiri idan ta miƙe, tana haki daga ɗaukar tulu, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, wata har tana marmarin cin ƙasa, amma mutanen gida su ce ragwanci ne ko laulayin ciki. Irin wannan mace, in ta zo haihuwa jini ya ɓalle mata, abin da mai cikakkiyar lafiya za ta jure shi ne zai iya zama ajalinta, jaririn kuma yakan zo bakwaini ko da ƙarancin nauyi.

A ganina nauyin wannan al'amari a wuyan magidanta ya fi rataya, ko da yake akan jingina shi ga mata. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tabbatar da wajabcin nafaƙa a kan miji gwargwadon halinsa, har a cikin Muhtasar na Shaihu Halil aka bayyana cewa mai shayarwa ana ƙara mata abin da zai ƙarfafa jikinta; saboda haka wanda ya ajiye wa iyalinsa tsabar hatsi kaɗai, shi kuwa ya tsaya wurin mai tsire da dare, to, bai sauke haƙƙin da shari'a ta ɗora masa ba. Hanta da nama da kifi su ne suka fi saurin gina jini, wanda kuma bai da hali, wake da zogale da alayyahu da rama ba su fi ƙarfinsa ba, musamman in aka haɗa da lemo ko gwaiba, aka kuma jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin shayi yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe.

Abinci kaɗai ba ya wadatar da mai ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kowace rana, kuma a wurin awo ake bayarwa tare da rigakafin zazzaɓi. Wasu mata suna ajiye ƙwayar don tsoron kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya, wasu don sun ga bayan gidansu ya yi baƙi, wanda ba illa ba ne. Abin tsoro shi ne zuwa naƙuda da jinin da bai isa ba.

Ina roƙon kowane magidanci, don girman Allah, ya ba matarsa izinin zuwa awo tun farkon ciki, ya ba ta kuɗin mota, ya kuma tambaye ta da bakinsa ko ta sha maganinta yau.