Ɗaga Mota Aikin Lissafi Ne, Ba Ƙarin Ƙarfe Kawai Ba

Duk wanda ya san ƙasar Kazaure ya san cewa da zarar an sauka daga babban titin Kano zuwa Daura, hanya ta sake hali. A wajejen Kazaure da Roni duwatsu ne da tuddai, a ƙauyukan Gwiwa akwai kwazazzaban da ruwan damina ke yankawa, a Babura kuma, kusa da iyakar Nijar, rairayi ne mai cinye taya. Motocin da ke ɗauko gero da gyaɗa da riɗi daga waɗannan wurare, irin su akori-kura da Hilux da tsofaffin Land Rover, su ne kuma ke kai mara lafiya asibiti. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai mota ya je gareji ya ce a ɗaga masa ita. Bakanike sai ya ƙara falle biyu ko uku a sifirin, ko ya sa dungun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul. Buƙatar mai mota gaskiya ce, amma aikin da aka tsaya a nan rabin aiki ne, kuma rabin aiki a mota yakan ci rai.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, a motar da ke da aksul ɗaya miƙaƙƙe, ƙarin sifirin bodi yake ɗagawa. Tulun da ke tsakiyar aksul yana nan inda yake, domin tsayinsa daga ƙasa ya dogara ne ga girman taya. Dutsen da yake dukansa jiya zai dake shi gobe. A cikin rairayi ma, rage iskar taya domin ta ƙara faɗin takunta ya fi ɗaga mota amfani, muddin za a mayar da iskar idan an hau kwalta.

Abu na biyu shi ne farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa aksul. A kowane bakinta akwai gaɓar da kanikawa ke kira kuros, wadda ke ba ta damar juyawa ko da ta karkata. Tun a ƙarni na 17 masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya nuna cewa idan irin wannan gaɓa ta karkata, juyin da ke fita daga gare ta ba ya tafiya bai ɗaya. A kowane zagaye guda sai ya yi sauri sau biyu, ya yi sanyi sau biyu. A kusurwar digiri 10 bambancin bai wuce kashi 1.5 cikin 100 ba, amma a digiri 20 ya kai wajen kashi 6, a digiri 30 kuwa wajen kashi 15. Injiniyoyi suna maganin wannan ta hanyar sa kuros biyu masu kusurwa iri ɗaya, su fuskanci juna daidai, domin na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla.

To, ɗalibin da ya san lissafin kusurwoyi zai iya gano abin da ɗagawa ke haifarwa. Alal misali, idan tsawon farfela mita 1 ne, aka ɗaga mota da santimita 10, kusurwarta za ta ƙaru da kusan digiri 6. Idan gajera ce mai santimita 60, ƙarin ya haura digiri 9. Alhali kuwa masu ƙera kuros sukan ba da shawarar a bar shi a digiri 3 ko ƙasa da haka in ana son ya daɗe. A gudun kilomita 80 a awa, farfela tana juyawa fiye da sau 2,000 a minti. Wannan ne asalin karkarwar da direba ke ji a ƙarƙashin kujera. Haka zalika, bakin farfela mai shiga da fita yakan zaro fiye da ƙima. Ranar da kuros ɗin gaba ya tsinke ana cikin gudu, farfela na iya cakar ƙasa ta jefar da mota.

Abu na uku shi ne cibiyar nauyi. Ana auna wuyar kifewar mota ta raba tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninkin tsayin wannan cibiya. Motar da tazararta mita 1.5 ce, cibiyarta na santimita 70, za ta ba da 1.07. In cibiyar ta koma santimita 80, lissafin ya sauka zuwa 0.94. Idan aka jibga buhuna da fasinjoji a sama har ta kai mita 1, saura 0.75. Kwanar da mota ke sha lafiya a da, yanzu tana iya kwantar da ita. Ƙarin falle kuma bai ƙara wa birki ko taya ko aksul ƙarfin ɗaukar kaya ba, hana mota durƙusawa kawai ya yi, sai ido ya daina ganin nauyin da ya yi mata yawa.

Wani zai ce talaka ba shi da kuɗin wannan dogon bincike, hanya ce ta tilasta masa. Haka ne, kuma nauyin gyaran hanyoyin karkara yana kan gwamnati. Amma kada garin neman gira a rasa ido. Wanda zai ɗaga mota ya tsaya a ɗan kaɗan, ya sa shokozoba mai tsawon da ya dace, ya tsawaita tiyon birki, ya daidaita kusurwar aksul da 'yar ƙusar ƙarfe mai tsini, ya duba sitiyari, ya riƙa sa wa kuros giris. In farfela ta gajarce a sake ta, kada a yi mata ƙari da walda a bakin titi.

Kanikawan wannan yanki suna da basira da ƙwarewar hannu, ma'auni ne ba a ba su ba. Ya kamata sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ya riƙa shirya musu gajerun kwasa-kwasai da Hausa. Malaman fiziks da lissafi kuma su kai ɗalibansu gareji da ma'aunin kusurwa da zare mai dutse a baki, su auna farfelar mota ɗaya kafin ɗagawa da bayanta. Yaron da ya yi wannan awo da hannunsa, in ya zama direba ko bakanike, zai tambayi digiri nawa kafin ya tambayi falle nawa.