Zancen Gida: Bayan An Sallamo Shi Daga Dawanau

'Yan'uwa, a nan Durun da sauran ƙauyukanmu na Kabo da Gwarzo, idan mutum ya sami taɓin hankali mukan tara kuɗin mota mu kai shi asibitin Dawanau. A nan kam ba mu gaza ba. Inda muke tuntuɓe shi ne ranar da aka sallamo shi. Ya komo da sauƙi, amma ba mai miƙa masa fartanya, ba mai ba shi ajiya, yara kuma suna binsa da wancan suna. Mun ga wani ɗan'uwa da ya yi damina guda zaune a zaure, har ciwon ya dawo.

A 1954 Likita Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyawa, kowa tare da danginsa. Da rana su je asibiti a yi musu magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ga shi kuwa, ƙauyen muna da shi, dangin ma muna da su.

To, a yanka wa ɗan'uwanmu gayauna, ko a ba shi tunkiya ya yi kiwo, kuɗin kuma ya riƙe da hannunsa. Ran Lahadi a zauna kusa da shi a majami'a. Addu'a ba ta hana shan magani, kada kuwa a daina don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Turu da mari a bar su sam. Mutum ɗaya a gida ya riƙe katin asibiti, ya lura da barcinsa. In ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, a koma Dawanau tun kafin ranar da aka rubuta.