Filashin waya yana goge shaida

Daga Aboabo zuwa shagunan PZ da ke Adum a Kumasi, maganin wayar da ke mutuwa tana tashi da kanta kusan ɗaya ne: a yi mata filashin, wato a sake zuba mata manhaja. Mai gyara ya karɓi kuɗinsa, mai waya ya koma Zongo da murna, ba wanda ya tambayi abin da ya kashe ta.

Wani lokaci batir ne ko zafi. Amma akwai cutar da ke can cikin kernel, wato zuciyar manhajar Linux da Android ke zaune a kanta. Idan haɗin intanet ya katse, kernel yakan karɓe gurbin ƙwaƙwalwar da ya ware masa. Sai wani saƙo da ya makara a hanya ya iso yana neman gurbin. Kamar maigidan fataken goro ne da ya sallami baƙo ya ba wani ɗakin, yaro kuma ya shigo ya jibge kayan baƙon jiya a kan na yau. Da kernel ya ga ɓarnar, sai ya tsayar da komai. Kuskuren na iya aukuwa yau ya ɓace wata guda, shi ya sa kama shi ke da wuya.

Sai dai kafin kernel ya faɗi yakan rubuta inda ya tsaya, wayoyi da yawa kuma suna adana wannan rahoto. Filashin ba ya duba shi, sau da yawa ma share shi yake yi.

Masu bin irin wannan sawu su ne ke kawo gyara. A Yunin 2019 Jonathan Looney na Netflix ya nuna cewa ana iya kayar da kwamfutar Linux daga nesa da saƙonnin intanet na TCP kawai. A Oktoban shekarar Maddie Stone ta Google ta bankaɗo kuskuren taɓa gurbin da aka saki a Galaxy S9 da Pixel 2, alhali an gyara shi a Linux tun Disambar 2017. Gyaran ne bai iso wayoyin ba.

Yaron da ke ɗaga ƙaramin guntu daga allon waya da iska mai zafi ba zai gaza karanta rahoton ba. Jami'ar KNUST na nan cikin Kumasi, Asusun Raya Zongo kuma yana da doka tun 2017. Kwas na 'yan makonni ga masu gyara bai fi ƙarfinsu ba.